Ranar da Na Ga Baba Yana Hira

Salamu alaikum, masu biye da ni. Ku gyara zama, yau ba ni da niyyar taƙaitawa, don abin da idona ya gano mini har yanzu bai gama zama a kaina ba. Wanda yau ne ya fara leƙowa nan, ni ce Auta, ta ƙarshe a gidanmu, kuma a faɗar Umma wadda ta fi kowa bin diddigi. Ban musa ba. Tun ina ƙarama in na ga abu a rufe ba na samun sukuni sai na buɗe, kuma duk gidan nan mutum ɗaya ne ya gagare ni, wato Baba.

Baba yana aiki a babbar masaƙar da ke bayan gari tun kafin a haifi Yayanmu, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya faɗi alheri ɗaya a kan wurin ba. Da yamma zai shigo da burbushin auduga a gashi da gira, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga, ya cire takalmi yana nishi, sai ya fara. Zafin wurin, ciwon baya, shugaban sashensu da bai kai Yaya shekaru ba amma yake nuna shi da biro, shayin kantinsu da ya ce ruwan wanke-wanke ya fi shi kauri. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa: "Bana dai ƙarshe ke nan." Yana gamawa sai ya ƙure ƙarar talabijin har gilashin taga yana rawa, daga nan ba ka ƙara samun komai a wurinsa sai "uhm". Ka ce a kawo ruwa, uhm. Ina jin ko gobara ka ce ta tashi, uhm ɗin ne dai.

Umma kan ce, "Da ba haka yake ba. Masaƙa ce ta cinye min miji ta bar min miskili."

Abin da ya fi ɗaure min kai, kamfanin ya sha cewa tsofaffin ma'aikata masu son hutawa su tafi da haƙƙinsu cif, har da ƙari. Sa'anninsa da yawa sun karɓa. Yaya ya zo takanas ya ce zai kama masa shago a bakin titi, ya zauna a inuwa da fanka a kansa. Baba ya zuba wa Yaya ido har ya kai aya, sannan ya ce, "Shago?" Washegari ya riga kowa tashi, ya ɗauki kular abincinsa ya nufi inda motar ma'aikata ke tsayawa. Ku gaya mini, wane irin mutum ne zai yi shekara da shekaru yana tsine wa wuri, a buɗe masa ƙofa kuma ya ƙi fita?

To ga ni kuma, duk samarin garin nan ban tashi kwaso kowa ba sai ɗan masaƙa. Makanike ne a sashen su Baba. Keken ɗinkina ne ya riƙa tsinka zare, ƙawata ta turo min shi don ɗan'uwanta ne. Ya gyara ya tafi ya manta sifanarsa. Ya dawo ɗauka, muka gaisa, ya sake tafiya ya bar ta. A zuwa na uku na ce masa, "Malam, ko dai in sama mata ɗaki ne?" Tun daga ranar na sa masa Mai Sifana a wayata.

Da magana ta yi nisa, ya zo neman izinin Baba don ya turo manyansa. Ya sha farar riga mai guga, ya yi aski, faratan nan da kullum suke baƙi ya kankare su tas. Ni da Umma muna bayan labule. Bawan Allah ya zauna a ƙasa, ya dunƙule, ya sa kai tsakanin gwiwoyi don kunya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa darduma raɗa. Ya daɗe yana zuba bayani. Da ya yi shiru, Baba ya ɗan jima yana kallonsa, sannan ya ce, "To madalla. Ka gaida mutanen gida." Ya miƙa hannu ya ƙara ƙarar talabijin.

Shi ke nan fa. Makonni suka wuce, babu e babu a'a. Umma ta taɓa tuntuɓarsa tana ninke kaya a bayan kujerarsa, "Maganar yaron nan fa?" Amsar da ta samu kun san ta. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta baje a falo da ƙaton gyalenta ruwan goro ta yanke hukunci: "Ki haƙura, Auta. Mutumin da ya tsani masaƙa kamar mutuwarsa ne zai ba ɗan masaƙa 'yarsa? Shirun yayana ai ƙi ne." Umma ma ta fara karkata. Ta ce, "Ni kaina ba na so nan da shekaru ki wayi gari kina auren uhm." Can gidan su Mai Sifana kuma kawunsa ya fara cewa in mutane ba sa so, ai ba a dole. Na rame a tsaye, ina son mutumin nan, kuma ina kallo yana zame mini.

Ranar wata Laraba ina guga sai saƙonsa ya shigo.

"Ni fa Baba ya rikita ni. Yau ma sai da ya sa na yi dariya har na yar da ƙusa cikin inji. In ya ƙi ni, me ya sa yake jana da wasa?"

Na ajiye dutsen guga na rubuta, "Wane Baban?"

"Naki mana. Gidan Rediyo."

"Kai, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Sunansa ke nan a sashenmu. Tun daga shiga har tashi ba ya shiru. In ya yi hutu kwana biyu wurin kamar an yi rasuwa."

Na karanta na sake karantawa. Babana? Mai uhm? Na ce ya rantse, ya rantse. Na ce to me ya hana shi tambayarsa maganarmu a can, ya ce wa zai tari surukinsa da zancen aure a gaban inji. A nan na yanke shawarar sai na ga wannan gidan rediyo da idona, ko da za a koro ni daga bakin ƙofa.

Da safe na yi ta jan ƙafa a kicin har lokacin motar ma'aikata ya yi shinkafa ba ta nuna ba. Na fito na tsaya a gabansa na ce, "Baba, ka tafi, zan kawo maka." Ya duba agogo, ya yi tsaki, ya fita. Umma ta bi ni da kallon da ke cewa na san ki. Wajen azahar na sa doguwar rigata shuɗiya da farin gyale, na ɗauki kula na hau mota.

Mai gadi ya sa na jira har Mai Sifana ya fito cikin kayan aiki masu maiƙo. Ya karɓo min katin baƙi, ya miƙo min wasu 'yan robobi biyu ya ce in cusa a kunne. Na ce, "Har sai na sa?" Ya yi murmushi kawai, ya tura wata ƙofar ƙarfe.

Jama'a, ban san haka ƙara take ba. Ta cikin tafin ƙafata na ji ta, ta hau har haƙorana. Injinan saƙa ne jere-jere iya ganinka, zare yana gudu, yadi yana sauka, auduga tana yawo a iska tana liƙe wa mutum a gashin ido. Na buɗe baki na ce "Innalillahi", ni kaina ban ji ba. Mai Sifana ya tsayar da ni bayan wani layin rawaya da aka ja a ƙasa, ya nuna min can tsakiya da yatsa.

Baba ne, hannuwansa biyu a sama. Ya soke biron ƙarya a bayan kunne, ya turo ciki gaba, ya yi taku uku yana hura hanci, sai ya yi kamar santsi ya kwashe shi. Wani dogon tsoho da ke layi na gaba ya dafe ciki yana dariya, wasu biyu daga nesa suna ɗaga hannu suna mayar masa, shi kuma yana amsa wa kowa, yatsunsa na tafiya kamar mai ƙirga tasbaha da sauri. A tsakiyar haka zare ya tsinke, ya ɗaura shi ba tare da ya kalla ba, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Fuskarsa ce ta fi tsaya mini a rai. Ashe Babana yana da wushirya, ni da na girma a gabansa sai ranar na lura.

Wayata ta yi motsi a hannuna. Mai Sifana ne, yana tsaye kusa da ni yana rubuto min, tunda baki ba shi da amfani a wurin.

"Yana ba Dogo labarin yadda shugaban sashe ya taka mai ya zame jiya."

"Duk da hannu kuke magana?"

"Kowa. Sabon zuwa sai ya koya ko ya zauna shi kaɗai. Rabin alamun ma Baba ne ya ƙirƙiro."

Na ci gaba da kallo. Baba ya taɓa leɓen kunnensa, ya haɗa yatsu yana buɗewa yana rufewa. Saƙo ya shigo: "Umma ke nan, wai ta yi faɗa da safe." Sai ya ja fatar ƙasan idonsa da yatsa, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya shafa ƙirjinsa yana murmushi. Na juya na kalli Mai Sifana, na ga yana danne dariya.

"Wannan ke ce. Kullum sai ya ba da labarinki. Wai yau da gangan kika ƙi dafa shinkafa, yana jira ya ga abin da kike ƙullawa."

Ban san lokacin da idona ya ciko ba. A daidai nan Dogo ya hango ni, ya yi wa Baba nuni. Baba ya juyo. Hannuwansa suka tsaya a iska, sannan suka sauka a hankali, fuskar nan ta koma irin wadda na sani a falonmu. Ya yi wa wani alama ya riƙe masa layi, ya wuce gaba na bi shi.

Muka fita harabar masaƙar, inda akwai benci a gindin wata bishiya kusa da katanga. Na cire robobin, kunnena yana ta shuu. Yana gaba ina baya na ce, "Baba, ga abincin." Bai juyo ba. Na ɗaga murya, "Baba, ka yi haƙuri da na shigo." Ya ci gaba da tafiya abinsa. Sai da ya zauna ya fuskance ni na ga inda idonsa yake sauka. Ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo. Ku yafe mini, halin bin diddigi ba ya barin mutum ko a irin wannan lokaci: na ja gyale na rufe bakina na ce, "Baba, kana ji na?"

Shiru. Ya dube ni, ya dubi gyalen, ya gane abin da na yi. Ya sauke numfashi ya buga bencin da tafin hannu.

"Zauna, sarkin bincike. Ta nan gaba, inda zan gan ki." Na zauna. "Na dama ya daɗe da tafiya. Na hagu yana bin sa a hankali. In ina kallon bakin mutum ina tsintar rabi, sauran in cika da uhm."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Asibitin kamfani su ji, su sallame ni da takardar godiya. Ummanki ta ji, ta ɓoye min takalmi. Yayanki ya dasa ni a shago, mai neman sukari ya yi magana in miƙa masa sabulu, yara su mai da ni abin wasa."

"Amma kullum cewa kake ka tsani aikin."

"Na tsane shi mana! Bayana ya mutu, ƙirjina ya cika da auduga, yaro ƙarami yana nuna ni da biro. Duk abin da nake faɗa gaskiya ne." Ya buɗe kular ya rufe. "Kuma mita ce kaɗai maganar da zan yi a gida ba sai na jira amsa ba. A falo in kuna hira, bakuna huɗu suna motsi lokaci ɗaya, kafin in kama na wannan, wancan ya gama, sai in ga kun fashe da dariya. A cikin can kuwa kowa kurma ne, Auta. Can kaɗai ne in an yi dariya nake sanin dalili."

Ya nuna min wajen ƙofar shiga da haɓa. Wasu tsofaffi ne a zaune kan dakali, babu kayan aiki a jikinsu. Ya ce duk waɗanda suka karɓi sallama ne. Kullum lokacin hutun rana sai sun zo, su zauna su jira a fito a yi hira da hannu, sannan kowa ya koma gidansa. "Kin ga mai hular can? Ranar da ya tafi har rawa ya yi. Ko wata biyu bai rufa ba ya dawo dakali."

Tausayinsa ya kama ni, da kunyar duk ranakun da na kira shi miskili a zuciyata. Ya ɗebi shinkafa cokali biyu, sai ya ɗago kamar ya tuna wani abu.

"Af, yaron nan makanike da ya shigo da ke. Me ya kai shi gidana rannan? Ya zo ya dunƙule, tsakiyar kansa kawai na yi ta kallo har ya gama. Na ce ko gaisuwa ce. Na jira ya yi min bayani a wurin aiki, shi ma shiru."

Wayyo ni. Makonnin da na yi ina kuka a filo, ashe Baba ko labari bai samu ba. Na sunkuyar da kai na fara, "Dama, Baba, cewa ya yi..."

"Ke ma kin fara. Ɗago."

Na ɗago, amma kunya ta ɗaure min leɓe, maganar ta fito a tauna. Ya matso da kunnen hagu ya ce, "Buɗe baki, da ƙarfi!" Na rufe ido, na tattaro duk ƙarfin da Allah Ya ba ni.

"AURENA YAKE SO, BABA!"

Da na buɗe ido, jiniyar hutu ta riga ta buga ban lura ba, ma'aikata sun cika harabar. Kowa ya tsaya cak da kwanonsa a hannu. Mai gadi har leƙowa ya yi. Mai Sifana yana can jikin famfo da sabulu a hannu, ya daskare. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya miƙe a hankali. Ya ɗaga hannu sama, ya yi wa Mai Sifana wasu alamu. Mai Sifana ya mayar masa da hannu, kumfa na zuba. Baba ya ƙara wasu. Sai harabar ta ɗauka gaba ɗaya, Dogo yana buga cinya, tsofaffin dakali suna tafi, hannuwa ta ko'ina suna tashi suna sauka. Ni kaɗai ce a tsaye ina rarraba ido, ana dariya a kan aurena ban san me aka ce ba. Minti ɗaya kawai na yi a haka na ji kamar in fashe da kuka, shi kuwa haka yake zama a falonmu kowace yamma.

Wayata ta yi motsi. "Ya ce in turo manyana. Amma in gaya musu kowa ya ɗago kansa, shi ba wanzami ba ne."

Baba ya rako ni har bakin ƙofa. Kafin in fita ya riƙe hannun kular, ya rage murya yadda yake zaton ya rage, "Maganar kunnen nan, tsakanina da ke. Kin ji?" Na gyaɗa kai.

Da yamma ya shigo, ko takalmi bai cire ba ya ce wa Umma a shirya, baƙi za su zo neman auren Auta. Umma ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni, ta kira Gwaggo ta kira Yaya. Baba ya zauna a kujerarsa yana kallonmu, yau babu mita, talabijin ma bai kunna ba. Umma ta zagaya bayansa tana kaɗe masa audugar da ke kafaɗa, murna fal bakinta.

"To alhamdulillahi. Ta ƙarshe ke nan, ba ka da sauran hujja. Yanzu muka gama magana da yayanta, ya ce gobe zai je ya ga shagon. Ana gama biki ka ajiye musu aikinsu, ka dawo gida mu yi ta hira."

Baba ya ga fuskata ta canja. Ya saci kallon Umma, ya ga ba ta kallonsa, sai ya sauke hannunsa gefen kujera inda ni kaɗai zan gani, ya juya tafin sama yana tambayata me ta ce.